Tabon da Ban Goge Ba

Ƙanen mijina ya ɓata mini fentin mota, ya ɗora mini laifin, kuma har yau ban yafe masa ba. An yi ta ce mini ai ɗan'uwa ne, ai fenti ne kawai. Masu faɗin haka ba su taɓa tsayawa gaban bariya a shekarun dokar ta-ɓaci da takarda a hannu ba, soja yana shinshina musu ƙofar mota.

Motar fara ce, tsohuwa, mai dogon baya, irin wadda ba ta tsoron rairayi. Tattasai ne ya saya mini ita. Na daɗe ina nomansa a bakin kogin Komadugu, gefen Geskeru, ni da mijina, har Allah ya yi masa rasuwa bai ga motar ba. Da na dawo Diffa da zama na rantse ba zan sayi mota in miƙa wa wani ƙato makulli ba. Abin da ya kai ni makarantar yaƙi da jahilci ke nan ina da jikoki biyu. Parmi nake so, wato lasin tuƙi, kuma ba a ba wanda bai iya karanta allon hanya ba.

Karatun ya ba ni wuya. Hannuna ya saba da allon makarantar malam tun ina ƙarama, daga dama yake tashi. Sai in zauna in zana baƙaƙen boko da kyau, madam ɗinmu ta zo ta duba ta ce duk sun juya baya. B ɗina cikinsa yana kallon hagu, R ɗina yana shuri ta inda bai kamata ba. Wata rana ƙanen mijin nan nawa ya shigo gaida mu, ya tarar da allona a kan tabarma. Ya ɗauka ya fita da shi ƙofar gida inda maza ke zaune, ya ɗaga sama.

"Ku zo ku ga boko! Matar Yaya, wannan B ɗin fushi yake da mu? Ya ba mu ƙeya!"

Suka yi ta dariya. Ni ma na yi, don tsakanin mace da ƙanen miji akwai wasa. Amma na ajiye abin a raina.

Shi ya ɗan yi lakwal, wato makarantar boko, kuma yana ji da rubutunsa. Yana da kanti a bakin titi, a saman ƙofar ya rubuta BA RUWANA da jan fenti, manya-manya. Haka ya rubuta a jikin bencinsa, da amalankensa, da duk wani bido nasa, jarkar zuba mai, wai don kar a musanya masa. A da ɗan ruwa-ruwa ne, masu sayar da mai a kwalba a bakin hanya. Da aka hana ɗaukar mai a bido, don kar ya kai hannun mutanen daji, sai ya ce ya tuba, ya cika kantin da sukari da ganyen shayi. Ni kuwa ina da takardar wucewa, ina kai mata da kayansu Geskeru ranar kasuwa in dawo da su. Takardar nan ita ce gonata a lokacin, tunda gonar gaske ba ta shiguwa.

Ran nan ya zo da sassafe, ya tsuguna har ƙasa, abin da bai saba ba.

"Matar Yaya, an yi rasuwa a Ngelbeli, dangin Iya ne. Kin san ƙafarta, ba ta iya hawa motar haya."

Iya uwar mijina ce. Wace mace ce za ta ce a'a a nan? Na ce in kai ta da kaina, ya ce hanyar rairayi ce zalla, sai namiji, kuma kwana uku za su yi. Na ciro makullin daga bakin zanena na ba shi. Har yanzu in na tuna hannuna yana miƙa makullin nan sai in ji kamar in cije shi.

Ya dawo da motar rana ta uku da azahar, ta sha baƙar laka tun daga ƙafa har gilashi. Tun a nan na ji wani abu. Ngelbeli tudun rairayi ce, ina ta ga baƙar laka? Wannan lakar bakin kogi ce, na san ta kamar yadda na san tafin hannuna. Na watsa ruwa bokiti-bokiti, lakar ta sauka. A ƙarƙashinta ga wasu zane-zane ruwan ɗorawa sun gangaro daga sama, sun bi ƙofofin hagu da dama har ƙasa, kamar hawayen yaro a kan fuska mai ƙura. Na wanke da sabulu, suna nan. Na shinshina, isansi ne, man fetur.

Washegari kasuwa ce. Na cika mota da mata, muka kama hanya. A bariyar fita gari akwai wani soja dogo, mutumin yamma, Hausarsa da ɗan nauyin Zabarmanci. Ya san ni, kullum sai dai ya leƙa ya ce a sauka lafiya. Ran nan ya zagaya motar sau biyu. Ya sa yatsa ya bi zanen daga sama zuwa ƙasa, ya kai hanci.

"Madam, me kike ɗorawa a sama?"

"Ba na ɗora komai. Kayan mata a baya suke."

"Ni ban ce kin yi ba. Motar ce ta ce." Ya ninke takardata ya riƙe ta ɗan lokaci kafin ya miƙo mini. "Yau ki koma. In na sake ganin wannan ban ji bayani ba, takardar a hannuna za ta kwana, kuma ba ni zan yi miki tambayar ba."

Ban ga laifinsa ba, aikinsa yake yi. Amma matan nan da na shekara ina ɗauka, ɗaya bayan ɗaya suka sauka suka ɗauki ƙullin kayansu, babu wadda ta kalli idona. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa, wai matar nan mai mota ita ke kai wa mutanen daji mai. A Diffa ta lokacin, irin wannan magana tana iya sa a zo a tafi da mutum, 'ya'yansa su yi wata da watanni suna neman inda yake.

Na tafi kantinsa a ƙafa. Yana zaune a bencinsa yana ɓare gyaɗa.

"Kai, me ka ɗora a motata?"

"Tabarmin Iya da katifarta."

"Tabarma tana fitsarin isansi?"

Ya yi dariya ya dubi mutanen da ke wurin. "Matar Yaya, ki duba bakin tankinki. Ku mata in kun je shan mai kuna hira, a zuba rabi a tanki rabi a jiki. Ni dai ba ruwana." Ya nuna saman ƙofarsa da ɗan yatsa, aka sake dariya. Sannan ya sassauta murya. "In takardar ta zame miki matsala, ai ga ni. Sunana fes yake. Ki bar mini tuƙin, ki huta a gida kamar kowace uwa."

A nan na gane duka. Ya ci ribar mai, yanzu kuma yana jiran motar ta faɗo masa.

Na dawo gida ina huci. Washegari na yi abin da kowace mace ta bakin kogi za ta yi wa abu mai maiƙo. Na ɗebo toka a murhu, na haɗa da yashi mai laushi, na sa soson wanke tukunya, na hau ƙofar direba da dirza da tsakar rana. Ina dirza ina ganin fuskarsa. Da na ɗauraye, tabon ya ɗan dushe, amma fentin ya mutu. Wuri kamar faɗin faifai ya koma garje-garje, ba ya ƙyalli, ga kuma ruwan ɗorawan yana leƙowa ta cikin ƙarzar. Na zauna a ƙasa. Ban yi kuka ba, ashar na yi, ni kaɗai da kaji.

Akwai wani tsoho mai fentin motoci a bayan tasha, Babarbare, ya yi aikin tun ana kawo motoci daga Maiduguri ba fargaba. Na kai masa. Ya shafa wurin da na dirza, ya dube ni ta saman tabarau.

"Wushe, 'yata. Wa ya yi wannan ɗanyen aiki?"

"Ni ce, Baba."

"Da toka?"

"Da yashi."

"Madalla. Saura ki ɗora ta a murhu ki kaɗa miya." Ya girgiza kai. "Mota ba tukunya ba ce. Fatar jariri gare ta. Wanda ya zuba man ya mare ta, ke kuma kin yanke ta."

Na ce masa an ce wurin shan mai na zubar. Ya ja ni bayan motar ya nuna mini bakin tanki, can ƙasa kusa da ƙafar baya, sannan ya nuna inda zanen ya faro.

"Tun da nake ban ga mai ya hau tudu ba. Daga sama ya zo. Amma wannan ya nuna an ɗora ne kawai, bai nuna wa ya ɗora ba. Motarki ce."

Ya ce in bar masa ita kwana biyu. Na ce ba wanda zai sake kwana da makullina, ya koya mini in yi da hannuna. Ya yi tsaki, amma ya koya mini, kuma ga abin da ya ce, don wata ta amfana. Kar a taɓa tabon mai a rana, sai a inuwa, ƙarfen ya huce har ka iya kwantar da kumatu a kai. Gazuwal, man manyan motoci, maiƙo yake bari, ya kama ƙura, sabulu yana fitar da shi. Isansi kuwa munafuki ne, ya bushe ya gudu, ya bar launinsa a cikin fenti, rana ta gasa shi. A fara da ruwa mai ɗumi da sabulun ruwa na wanke kwanoni. A jiƙa tsumma mai laushi, tsohuwar rigar auduga wadda ta sha wanki, a shimfiɗa a kan tabon a bar shi ya jiƙu, a ɗauke, a ɗauraye. Ba a dirzawa. Abin da ya rage sai man goge fenti. Ya ɗebar mini a ɗan gwangwani, fari kamar kindirmo, ya ce in lakata kaɗan in riƙa zagayawa a hankali, wuri kaɗan-kaɗan, in goge da busasshen tsumma.

"In kin ji hannunki ya fara fushi, ki tsaya ki sha ruwa," in ji shi. "Fushi ne ya ci miki ƙofa."

Kwana biyu na yi a gindin bishiyar bedin tsakar gidana. Ban taɓa yin aikin da ya saɓa wa halina kamar wannan ba. Zuciyata tana tafasa, hannuna yana lallashi. Amma abin ya yi. Zanen farko ya ɓace, na biyu ya bi shi. Wurin da na dirza da toka ma ya ɗan farfaɗo, ko da yake har na rabu da motar in rana ta haska shi ta gefe ana ganinsa.

Sai dai ina gogewa ina tunani. In na fitar da tabon duka, takardata ta tsira, to, sunana fa? Za a ce ta ji tsoro ta wanke. Shi kuma yana can a benci yana ɓare gyaɗa.

Rana ta biyu da la'asar na gama ƙofofi, saura rufi. Ni gajeruwa ce, tun da na sayi motar ban taɓa ganin samanta ba, sai dai in watsa ruwa in ja tsumma da sanda. Na kife turmi na hau. A tsakiyar rufin ga shacin bido guda huɗu, an kwantar da su a kan gefensu don kar su yi tudu a ƙarƙashin katifa. A cikin shaci ɗaya, inda man ya fi zuba, ga ja. Na ɗauka tsatsa ce. Na matsa kusa, sai na ga baƙaƙe ne.

Na sa yatsa na bi su daga hagu kamar yadda madam ta koya mana. A. Sai wani mai kama da N amma ba shi ba. A. W. U. Na haɗa, na ce, "Anawur ab." Na sake. Anawur ab. Ba Hausa ba ce, na juya ta da Barbarci ba ta zauna ba. Na ce shi ke nan, ɗan karatun da na tara da tsufa ya zube, ga rubutu a kan motata na kasa karantawa.

Sai idona ya sauka kan baƙin ƙarshe. B ne, cikinsa yana kallon hagu. Ya ba ni ƙeya.

Ai na san wannan B ɗin, wata shida ina zana shi ana yi mini dariya. Na bar hagu na tashi daga dama, yadda hannuna ya so tun farko. Ban ma gama ba na sauka da gudu, turmin ya faɗi, na shiga ɗaki na ciro madubin jikin bango, na dawo na tsai da shi a gefen rubutun. A cikin madubin, ja wur, kamar yau ya rubuta: BA RUWANA.

Man da ya tsiyaye ya narkar da fentin jikin bidonsa, nauyi ya danna, ranar kwana uku ta gasa. Ya buga wa motata hatiminsa da kansa. Ya shafe ko'ina da laka, bai hau sama ya duba ba, ko kuma ya duba ya ce wannan tsohuwa mai juya baƙaƙe me za ta gane.

Na yi dariya a kan turmin nan har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta tambaya ko lafiya.

Na koma wurin tsoho kafin magariba.

"Baba, yaya ake ajiye tabo kar ya goge?"

"Shekaranjiya kin zo in koya miki fitar da shi."

"Wannan wani ne. Ina son sa."

Ya dube ni ta saman tabarau. Bai tambaya ba. Ya ce kar sabulu ya taɓa shi, kar man gogewa ya je kusa, in rufe da zane. Da na juya zan tafi ya ce, "'Yata, ko wane ne, Allah ya ji ƙansa."

Daga nan na biya wurin Iya, don ba na son a ce na yi abu a bayan idonta. Tana zaune tana jan carbi. Na gaishe ta, na zauna a bakin tabarma.

"Iya, kun je Ngelbeli?"

Ta ci gaba da jan carbinta. "A Maine ya ajiye ni gidan ƙanwata. Ya ce hanya ba kyau."

"Da ya dawo ɗaukarki, me ke saman motar?"

"Katifata na gani."

"Ba ki ji wari ba?"

Carbin ya tsaya. "Shi kaɗai ya rage mini, 'yar nan. Ki rufa masa asiri, Allah ya rufa naki."

Na ji tausayinta, ban ɓoye ba. Matar nan ta riƙe ni da kyau tun ina amarya. Amma kwana huɗu ke nan ana yawo da sunana a gari, tana ji, tana da maganar da za ta wanke ni a bakinta, ta haɗiye. Ya zaunar da ita a ƙarƙashin bido huɗu na isansi a cikin zafin nan, ƙyastu ɗaya ya isa, amma shi take roƙa wa. Na ce mata, "Iya, nawa asirin a buɗe yake tun ranar kasuwa, ban ga wanda ya kawo zane ba." Na yi mata sallama.

Ina da hanya biyu, kuma na auna su sarai. Kusa da kantinsa akwai mai shayi. Bulaman unguwarmu yana zama a nan da dattawa tun bayan sallar asuba. In na je da wuri, magana ta tsaya a hannun bulama, a yi faɗa, a ba ni haƙuri, a ce a bar shi a cikin gida. Sunana ya wanku a unguwa, bariya kuwa ba ta ji ba. Amma na san dogon sojan nan ma a nan yake karyawa, wajen ƙarfe bakwai, kafin ya tafi karɓar aiki. Shi ya ce yana son bayani. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Da gari ya waye na yi wanka, na ɗaura zanen da nake zuwa suna da shi. Na sa turmi a bayan mota, na naɗe madubi a cikin mayafi na ajiye a kujerar gefe. Na zauna a cikin motar da makulli a hannu, ina kallon agogo, na bar ƙarfe shida ta wuce, na bar shida da rabi ta wuce. Bakwai saura kaɗan na tayar.

Motar tana ƙyalli kamar ranar da na saye ta. Na tsai da ita daidai ƙarƙashin rubutun ƙofarsa. Bulama yana nan da dattawansa, sojan yana tsaye da kofi a hannu, shi kuma gogan yana buɗe kanti. Ya juyo yana murmushi.

"A'a, matar Yaya! An wanke zunubin ke nan? Ko makullin kika kawo?"

Ban kula shi ba. Na gaida bulama, na gaida dattawa. Na sauke turmin na kife shi a gefen mota, na yaye zanen da ke rufin, na warware madubin.

"Ranka ya daɗe," na ce wa bulama, "an yi mini rubutu a saman mota, ni kuma kowa ya san karatuna na tsufa ne, baƙaƙena juyawa suke. Ga ɗan lakwal nan." Na miƙa wa ƙanen mijina madubin, na nuna masa turmin. "Hau ka karanta mana. Ka ɗaga murya, mai kaki ma yana son ji."